Manu da Warin Duniyar Wata

A Nahuce ta ƙasar Bungudu, ba a cewa wata ya tsaya sai an ji bindigar Manu. Aikin gado ne. In aka ga jinjirin watan azumi ko na Sallah, sai ya hau tudun bayan gari da bindigarsa ta toka, ya ɗura albarushi da tsumma, ya saita bakinta daidai watan kamar yadda ubansa ke yi, ya tashe ta. Ƙarar nan ce ke kai labari ƙauyuka da rugage, inda babu rediyo babu ɗan aike. Ban da wannan, Manu manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yar gyaɗa. Sai dai Allah ya zuba masa kunya. In baƙo ya tarar da kashin akuya a ƙofar gidansa, ranar ko tuwo ba ya shiga bakinsa. Kuma ba ya gane wasa ko kaɗan, shi ya sa ake son jansa.

Cikin azumin 1972, ran kasuwar Bungudu, ana zaune a rumfar Sule tela, sai rediyo ta ce 'yan sama jannatin da suka sauka a duniyar wata sun ce ƙurar can warin ƙonannen albarushi take yi. Sule ya tsai da kekensa ya dubi Manu.

"To, ka ji aikinka. Shekara da shekaru kana ɗirka ma watan ga wuta, ga shi baƙi sun tai sun ishe wari."

Rumfa ta kwashe da dariya. Manu kuwa sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Watan da Musulmi ke azumi da shi, a ce shi ya ɓata shi, har baƙi daga wata uwa duniya su je su shaƙa!

Bai koma gida ba sai da ya nemi Malam Bulus, malamin firamare, mutumin kudancin Zariya. Malam Bulus ya zaunar da shi ya yi masa bayani tsakani da Allah. Ya ce can duniyar wata babu iska, balle hanci ya ji wani abu. Sai da mutanen suka koma cikin kumbonsu suka cire hulunan da ke rufe musu kai da fuska, sannan suka ji warin a ƙurar da ta manne wa tufafinsu. Wasu masana na ganin ƙurar ce ta haɗu da iskar cikin kumbon, wasu na ganin ƙunar rana ce ta shekaru.

"Wato dai ba su san dalili ba?" in ji Manu.

"Ba su tabbatar ba tukuna. Amma Malam Manu, bindigarka ko kan dutsen Kwatarkwashi ba za ta kai ba."

"Hayaƙin hwa, Malam? Ka taɓa ganin hayaƙi ya tai bisa ya komo?"

Da wannan ya tashi. Gaskiya Sule bai kyauta ba, don ya ga Manu yana ramewa, amma bai taɓa ce masa wasa yake ba.

Ran da azumi ya cika ashirin da tara, da magariba, aka ga wata. Manu ya hau tudu, ya ɗaga bindiga, hannunsa ya ƙi. Ƙin harbawa kuma abin kunya ne. Sai ya juya bakinta ƙasa, ya cusa a gindin wani suri, ya ja kunama. Ta yi wani "dum" kamar an ka da buhu. Mutanen gari ba su damu ba, ai da idonsu suka gani. Ya sauko yana ganin ya fita haƙƙin kowa.

Kashegari aka sauko Idi, aka ci tuwo. Wajen azahar sai ga Luba, yayarsa da ke aure a wani ƙauye ƙetaren gulbi, ta shigo da sandarta, leɓɓanta a bushe. Garin tuwon Sallar gobe ta zo nema. Ta tsaya tana kallon yara cikin sababbin riguna, hannuwansu duk miya.

"Manu, mi nika gani haka?"

Ya sunkuyar da kai ya gaya mata komai, har da 'yan sama jannatin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Jiya bakin danga munka tsaya muna saurare. Wasu sunka ce sun ga kamar wata. Ni nac ce kowa shi yi sahur, tunda Manu bai harba ba, babu wata. Ƙauye guda na can da ƙishirwa ranar Salla, ba su ga Idi ba, bisa maganata."

Ya ruga ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya durƙusa ya miƙa mata.

"Sha, Yaya. Ni in tai in gaya musu yanzu."

Luba ta kurɓa sau ɗaya don ta karya, ta ajiye ƙwaryar, ta ɗauki sandarta.

"A'a, zamna. Ni za ni koma. Kai wa za ya yarda da maganarka yau?"