Mai Askin da Ke Kallo a Madubi

Bahago ake ce masa, don da hagu yake riƙe almakashi. Shekara talatin da ɗoriya yana aski a shago ɗaya: kujera biyu, benci a gefe, sai madubi mai faɗin bango. Talabijin ɗin shagon tana maƙale a bangon baya, daidai ƙeyarsa. Masu jira a benci suna kallonta kai tsaye, shi kuwa duk wasan kwaikwayon da aka yi yayi a shekarun nan a madubi ya kalle shi, ido ɗaya a kan mutum, ɗaya a kan hoto, kilifa tana kuka a kunnensa.

Wannan bai hana shi zama alƙalin shirye-shirye ba. Kai, mutumin nan akwai baki! Kafin shiri ya kai rabi ya yanke masa hukunci. A wani wasa na asibiti mai dogon zango, shi ya fara cewa, "Likitan nan kashe shi za su yi, ku duba kansa, sati uku ba su gyara masa gashi ba." Aka kuwa kashe likitan. Wani wasan kuma, da aka nuna mutum ya ɓata wata shida a daji ya dawo da gyaran fuska tsaf, Bahago ya yi kwana huɗu yana tsiya. Tun daga nan, da an gama shiri sai benci ya juyo: "Bahago, me ka gani?" Shi ko sai ya kaɗa almakashi sau biyu a iska, ƙyas-ƙyas, sannan ya buɗe baki.

Abu ɗaya ne ba ya son a taɓo masa, zancen Auta, ɗansa na ƙarshe. Ya so yaron ya gaji kujera ta biyu, shi kuwa Auta tun yana ƙarami zane ya sa a gaba. Ranar da suka yi ta ta ƙare, Bahago ya ce masa zane ba sana'a ba ce, wasan banza ne. Auta ya kwashe kayansa ya koma can ƙarshen gari. Idan an tambaya, sai Bahago ya ce, "Yana aikin kwamfuta," ya kunna kilifa. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne Asabar ɗin ƙarshen kowane wata: Auta zai zo, ya gaida mahaifinsa, ya zauna a yi masa aski, ya tafi. Ba sa wata hira. Amma Bahago tun daga tsakiyar wata yake fara ƙirga kwanaki.

Sai aka fara wani katun na barkwanci duk Asabar da yamma, labarin wani tsohon mai aski mai surutu. Benci ya rinƙa cika tun kafin lokaci, manya da gemu suna ta ƙyaƙyata dariya. Ranar da aka gama kashi na biyar, wani direban tasi da ke zuwa kullum ya share hawayen dariya ya ce, "Wallahi Bahago, tsohon nan kamar kai!"

Ran Bahago ya ɓaci. Ya kaɗa almakashi, ƙyas-ƙyas.

"Ni? Haba malam! Ni bahago ne, wancan da dama yake riƙe almakashi. Wanda ya zana abin nan bai taɓa leƙa shagon aski ba. Rashin aikin yi ne. In da yana da uban da ya isa da shi, da ya koya masa sana'a."

Aka kwashe da dariya. Ba wanda ya tuna da wane hannu tsohon katun yake aiki. Mai gyaran waya na shagon kusa, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, ashe yana ɗauka da wayarsa. Kafin Talata bidiyon ya zaga ko'ina.

Ranar Laraba da rana matarsa ta shigo shagon, abin da ba ta saba ba. Ta jira wanda ake wa aski ya fita, ta ja ƙofa.

"Malam, juyo."

"Ina jin ki."

"Na ce ka juyo. Ka bar madubin nan."

Ya juyo. Ta miƙa masa wayarta, kashi na biyar yana tafiya. Ga tsoho nan, almakashi a hannun hagu; ashe madubi ne yake mayar masa da shi dama. Ga shi ya kaɗa shi sau biyu kafin ya yi magana. Ga ɗan tabon ƙuna a wuyan hannu, inda tsohuwar kilifa ta taɓa ƙona Bahago. Da sunaye suka fara hawa a ƙarshe, waɗanda a madubi kullum a birkice suke zuwa masa, bai taɓa damuwa ya karanta ba, sai ga sunan Auta a sama, da sunan Bahago na yanka a jikinsa.

Ya laluba kujera ya zauna.

"Kin sani?"

"Na sani. Shi ya roƙe ni kada in faɗa. Ya ce yana so ya ji ka yaba da bakinka, ba don nasa ba ne."

"Ya ga bidiyon?"

"Wa bai gani ba, Malam?"

Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshen wata. Kwana uku ke nan, kuma wallahi ba a taɓa ganin Bahago a irin wannan hali ba. Ya ɗauki waya ya fi sau goma, ya kai kan lambar Auta, ya ajiye. Me zai ce? Ya ce bai sani ba? To, in ɗan wani ne, maganar ta zama daidai ke nan? Ranar Alhamis ya zabtare wa wani malamin makaranta gefen gemu, abin da bai yi ba tun yana ɗan koyo. Da aka gama wasan asibiti benci ya juyo, "Me ka gani?" sai ya ce kansa ke ciwo. Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa, kada yaron nan ya kai kansa wani shago.

Asabar ta zo. Auta kan iso da hantsi. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce. Duk inuwar da ta gifta ƙofa sai Bahago ya ɗago. Ya goge kujera ta biyu, ya sake gogewa, ya hana kowa zama a kanta. Direban tasi ya so ya yi masa tsiya, da ya ga fuskarsa sai ya haɗiye.

Ana saura minti kaɗan a fara katun, Auta ya yi sallama. Da hula a kansa, ta sauko har kunne. Bai taɓa zuwa da hula ba.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya."

Bahago ba fuskar yake kallo ba, hular yake kallo. Auta ya tsaya jim, sannan ya zauna a kujera ta biyu ya cire hular. Gashi na nan, na wata guda cur, ba wanda ya taɓa shi.

Bahago ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure igiyar. Kiɗan buɗe shiri ya tashi. Ya dubi madubi kamar yadda ya saba, sai kuma ya kama kujerar ya juya ta gaba ɗaya, da Auta a kai, suka ba madubin baya. Ya ajiye kilifa. Ya tsaya a bayan ɗansa, tafinsa a kan gashin, yana kallon tsoho mai almakashi a hagu. Benci ya yi tsit, dariyar ma a hankali ake yin ta.

Da aka tafi talla a tsakiyar shiri, Auta bai waiwayo ba, ya ce a hankali, "Baba, me ka gani?"

Hannun Bahago ya kai kan almakashi don sabo. Ya ɗaga shi, bai kaɗa ba, ya mayar aljihu.

"Bari ya ƙare tukuna, Auta," ya ce. "Ina so in gan shi duka."