Ƙahon da Aka Yi Mini a Madadin Alhaji

Ku yara masu digiri, ku saurara. Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da na fanshi Alhaji Sule da gadon bayana ba.

A shekarun tamanin ne, ina mai ɗibar jini a wani labo, wato ɗakin gwajin jini, a nan Lome, ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu. Alhaji ɗan kasuwa ne a Zongo, an dasa masa ƙodar ƙaninsa a Faransa. Magungunan da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda suna kashe masa garkuwa, ƙaramar cuta sai ta kayar da shi. Don haka nakan ɗebi jininsa, a sa a ƙanƙara, jirgi ya kai wa likitocinsa su duba ko ƙwayar cuta ta motsa.

Ran nan aka aiko cewa zazzaɓi ya kama shi. Na hau ɗan babur ɗina mobilet, sai na tarar an tare hanya, 'yan rawar jam'iyya na cashewa. Wa ya isa ya yi musu oda? Na tsaya ina tafi.

Da na isa, Alhaji na kife a tabarma. Wanzami ya baje zabira, yana wasa askar da ta zaga bayan rabin Zongo. Mahaifiyar Alhaji na tsaye a kansu.

Na ce, "Inna, don Allah kada a tsaga shi. Askar nan za ta iya kashe shi."

Ta ce, "Kai ɗan allura, mataccen jini ne ke damunsa. Tun ba a haifi ubanka ba ake mana ƙaho."

Wanzami ya ce, "Ni kuwa ban taɓa buɗe zabira na naɗe ta a bushe ba."

Alhaji ya dube ni, ya kasa musa wa uwarsa. Aska ta kusa fata.

Sai na tuɓe riga na kife. "Sarkin aska, ga baya. Inna, nasa mataccen jinin ni zan zuƙe da allura, har Faransa za a kai shi."

Ta ce, "To, ka ɗiba da yawa."

An sami ƙwayar a jinin, aka yi maganinta da wuri, ƙodar ta zauna.

Aikin nan, neman jijiya ba wuya. Wuyar ita ce uwar mai jijiyar. Jinin Alhaji ya hau jirgi, nawa kuwa a kwata aka zubar.