Allon da Muka Kafa a Kan Yashi

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka kafa allo a bakin gulbin Gusau ba, a bazarar bara waccan, lokacin ina sakataren ƙungiyar nan. Ku da kuka shigo daga baya ya kamata ku ji daga bakina.

Aikinmu na sa-kai ne. Duk Asabar da safe mu kwashe leda, mu ba dashen itatuwa ruwa, sannan mutum biyu su bi gaɓa su dawo su faɗa wa shugaba abin da suka gani. A irin wannan zagaye muka gano tudun yashin da kififfiya, wato kunkurun ruwa, ke hawowa ta binne ƙwanta. Yana bayan wata kanya, inda ba kowa ke bi ba. Tsoronmu shi ne masu tifa da ke ɗibar yashi, don sun fara matsowa.

Shugabanmu, Alhaji Garba na Damba, ya ce a je a yi wa direbobin magana kawai. Ni na dage sai an kafa allo. Na ce don kare ƙwan ne. Gaskiyar ita ce wani babban jami'i zai kawo mana ziyara, ina son ya samu abin ɗaukar hoto, da sunana a ƙasa.

"Allo kuma, Sakatare? Halan kififfiyar ta yi boko?" in ji Alhaji.

Aka yi dariya, aka ƙyale ni. Na sa aka rubuta da jan fenti, har da kibiya: NAN KIFIFFIYA KE ƘWAI, A KIYAYE. Jami'in ya zo, aka yi tafi, ya yi alkawarin wayar shinge. Har yau ba mu gan ta ba.

Da Asabar ta zagayo muka tarar da tudun kamar an yi haƙar gyaɗa. Ramuka ko'ina, da sawun mutane. Tifa ko kusa ba ta zo ba.

Washegari na shiga kasuwa wajen masu kifi. Sai ga uwar kififfiyar a cikin daro, an juya ta rigingine, tana ta harba ƙafafu. Na ce wa dattijon da ke zaune gabanta, "Baba, ina kuka samo wannan?"

"A'a, Malam Sakatare! Ai ku kuka gwada muna wurin. Mun daɗe muna neman inda take hawowa. Allah shi saka da alheri. In za ku kafa wani allon, a sanar da mu."

Maƙwabtansa suka fashe da dariya. Na roƙe shi ya sayar mini in mayar da ita ruwa. Ya ce an riga ni, wanda ya saye ta ya tafi neman wuƙa.

A taronmu na gaba, waɗanda suka fi kowa tafi su ne suka ce dama ba su yarda ba. Ban yi musu ba, laifin nawa ne. Ni kaɗai na je na cire allon. Tun daga lokacin ba mu sake ganin ƙwai a tudun ba.

Abin da na koya shi ne mutanenmu suna karanta allo sarai, sai dai kowa abin da zai kai gida yake nema a ciki. Mu ma masu aikin haka muke, ni suna na je nema. Don haka in kuna zagaye kuka ga sawun kififfiya a yashi, ku shafe da ƙafa ku wuce. Ko ni kada ku faɗa wa.