Taifis da Rabin da Aka Tsallake

Shekara goma sha tara ke nan da aka fitar da tafireta ta ƙarshe daga cibiyar koyon sana'a da ke saman kantin tayoyi, amma har gobe Taifis ake ce mata. Darakta ya ce Taifis, masinja ya ce Taifis, ɗalibai masu ladabi su ce Anti Taifis, kamar ƙarin Antin zai rage wani abu. Matar da ke tashin kwamfuta arba'in kowace safiya fa ke nan, ta san wadda ke tari, ta san wadda sai an ɗan bubbuga mata ƙeya kafin ta farka.

Daga sakandare ta shigo wurin, da takardar iya buga tafireta da ɗan kwali guda mai kyau. Ranar da aka kawo kwamfutocin farko a kwalaye, mazan ofis zagaye su suka yi da hannu a baya, kamar masu duba gawa. Wanda ya haɗa su ya tafi ya manta wani ƙaton littafi a kan taga, ita ta ɗauka. Shekara biyu tana cin sa a lokacin hutun rana, har da lokacin da take da cikin ɗanta na biyu, ƙafafu a kumbure a kan kwali. Daga nan ta koyi buɗe cikin na'ura, ta koyi rubuta 'yan ƙananan furogiram da ke rage mata wahala. Ba wanda ya tura ta kwas, ba wanda ya canza mata suna a takarda. Abu guda aka ba ta, makullin ɗakin kwamfuta, tana ɗaure shi da jan zare a hannun jakarta. Mutum ɗaya ne a duniya ke ce mata Injiniya, mijinta, tsohon direban bas da ciwon baya ya zaunar a gida, shi ma rabi tsokana ce.

To, a bana hukumar jarrabawa ta aiko da sabuwar manhaja, ta ce ranar Alhamis masu duba za su zo, ɗakin da bai shirya ba a cire shi daga jerin wuraren zana jarrabawa. Sabuwar kuma ta ƙi zama. Dalili kuwa, a cikin kowace kwamfuta akwai wani kundi da ake kira rajista, inda na'ura ke ajiye bayanan kanta. Kamar kabad yake mai manyan durowa, a cikin kowace babba akwai ƙanana, waɗanda masu sana'ar ke kira sabki. Tsohuwar manhaja ta buɗe wa duk ɗalibin da ya taɓa zama sabki guda, har sun kai ɗari uku a kowace kwamfuta, sabuwar kuwa ta ce ko ɗaya ta tarar ba ta shiga. Ba a kuma isa a fasa babbar durowar ba, lasisin cibiyar na ciki.

Taifis ta ce a ba ta kwana biyu. Darakta ya ce wannan ba aikin buga takarda ba ne. Ranar Litinin sai ga shi da Ƙwararre.

Ƙwararre abokin surukinsa ne, da kwat a wannan zafin, da filas, ɗan abin ajiye bayanai da ake sokawa a kwamfuta, rataye a wuya kamar laya. Bai fi ta da komai ba sai turare, ta kuma girme shi da 'yan shekaru goma kacal, amma Mama ya kama ce mata.

"Mama, ɗan matsa mini. Kada ki taɓa komai, rajista ba wurin wasa ba ne."

"Ai na sani, ɗan nan. Tun kana aji uku nake shigarta."

Ya yi dariyar da ake yi wa tsofaffi. Ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana soka filas, kowace ta rubuto masa "An gama". Kafin azahar ya gama da su duka, ya sha lemon da aka sayo masa, ya ce a buga layukan furogiram ɗinsa a sa a fayil don tarihi. Wa zai buga? Taifis mana. Ya mayar da layarsa wuya ya tafi.

Talata da safe sabuwar manhaja ta ƙi zama a ko ɗaya. Taifis ta buɗe rajistar kwamfuta ta farko ta ƙirga da ido, sabki ɗari da hamsin na nan zaune daram. Ta biyu, ɗari da hamsin. Ta tara, haka. Ta ɗauki littafinta ta nufi ofishin Darakta, ta tarar Ƙwararre ya riga ta, ya harɗe ƙafa.

"Ranka ya daɗe, rabi aka share, rabi na nan."

"Furogiram ya ce an gama," in ji Ƙwararre, ko kallonta bai yi ba.

"Ƙarya yake yi."

"Mama, na'ura ba ta ƙarya. Mutum ne ke shiga bayan an gama aiki ya yi taɓe-taɓe. Wa ke riƙe da makulli?"

Ku ji fa. Bango bai gama tsagewa ba ƙadangare ya shige. Darakta ya cire tabarau ya goge, abin da yake yi ke nan in zai faɗi maganar da ba tasa ba.

"Taifis, kin yi ƙoƙari shekara da shekaru, ba mai musu. Amma zamani ya tafi. In Alhamis ta yi ɗakin nan bai tashi ba, ki miƙa masa makulli, ki dawo tebur ɗin ƙofa kina karɓar wasiƙu."

"To ya ba ni filas ɗin in duba."

"Kayan sana'ata ne," in ji Ƙwararre, ya dafe ƙirji. Ya ce shi zai je ya yi nazari, sai Alhamis.

Ta koma ɗaki tana huci. Sharewa da hannu? Ɗari da hamsin sau arba'in, dubu shida ke nan, ɗaya bayan ɗaya, ga azuzuwa na shiga suna fita. Ta iya rubuta nata furogiram, amma ba ta yarda ta saki abin da ke sharewa a cikin rajista ba alhali ba ta gane abin da ya kayar da na wancan ba. In nata ma ya faɗa ramin, ko ya share abin da ba a ce ba, ita za a rataya. Ta zaro takardar da ta buga masa ta karanta sau ba adadi. Layi goma sha huɗu ne kacal, kuma ko ina daidai take gani: tambayi rajista sabki na ɗaya, share shi, tambayi na biyu, share shi, har ta ce babu saura. Ina laifin a nan?

Da yamma a gida ta shimfiɗa takardar a kan tebur, shayi ya huce a gefenta. Mijin na kwance a tabarma da matashi ƙarƙashin ƙugu.

"Injiniya, wannan takardar ta fi ni samun kallo yau."

"Malam, don Allah ƙyale ni. Ana neman a mayar da ni bakin ƙofa."

"Wa ya isa? Ni da na yi shekara talatin a kan titi, ban taɓa ganin an ba fasinja sitiyari don ya sa kwat ba."

"A wurinmu ana ba shi, har a sayo masa lemo."

Ya yi dariya har bayansa ya amsa, ya koma yana salati. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Laraba ce ranar karɓar fom na sababbin ɗalibai, masinja kuma ya zaɓi ranar ya kai matarsa asibiti, aikinsa ya faɗo kan Taifis. A bakin ɗakinta akwai dogon benci da aka yi wa lambobi da fenti, ɗaya zuwa takwas, mutane na zaune a jere. Masinja "na gaba" yake cewa. Ita kuwa idonta na kan takardar Ƙwararre, hankalinta na can, sai ta kama kira da lamba.

"Lamba ɗaya!"

Wata mata ta shigo, 'yan benci suka gusa. Ta karɓi fom ta buga hatimi.

"Lamba biyu!"

Wani ya shigo, aka sake gusawa.

"Lamba uku!"

Sai ta ji ƙwas-ƙwas, ana buga sanda a ƙofa. Wani dattijo ne mai farin gemu, fom ɗin 'yarsa a hannu, ransa a ɓace.

"'Yata, laifin me na yi miki? Tun kafin a buɗe ƙofar nan nake zaune."

"Baba, ai lamba nake kira, ku jira taku."

"Wace tawa? Ni ne na biyu. Kika kira na ɗaya, muka gusa, na koma kan ɗaya. Kika ce biyu, wancan mai hular da ya same ni a nan ya tashi ya shige. Yanzu kin ce uku, ga wannan baiwar Allah ta kusa da ni ita ma an tsallake ta. In haka za ki yi, rabinmu a nan za mu kwana!"

Hatimin na hannunta a sama ta tsaya. Ta dubi bencin, ta dubi takardar. Ashe sabki ma gusawa suke yi. Ka share na ɗaya, na biyu ya koma gurbinsa, kai kuma ka wuce kana neman na biyu, ka ɗauki na uku. Ka yi ta tsallake ɗaya kana ɗaukar ɗaya, har lambar da kake kira ta wuce iyakar waɗanda suka rage, rajista ta ce babu, furogiram ya buga ƙirji ya ce an gama.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Ku shigo, ku ne na gaba, kuma ku yafe ni."

"Na yafe. Amma a daina ƙirga mutane suna motsi."

Ta sallami 'yan benci cikin rabin awa, ta rufe ƙofa. Nata furogiram ɗin bai fi layi ashirin ba. Da farko ya zagaya ya rubuta sunayen sabki duka a jeri, bai taɓa ko ɗaya ba. Sannan ya bi jerin yana sharewa da suna. Daga ƙarshe ya koma ya sake ƙirgawa, kuma ta hana shi faɗin an gama sai ya nuna sifili ƙuru-ƙuru. Ta ajiye kwafin rajistar a gefe don gudun ɓacin rana, ta gwada a kwamfuta ta goma sha bakwai, mai tarin nan, don in za a mutu gara wadda dama ƙafarta ɗaya ke kabari. Sifili. Sabuwar manhaja ta shige kamar gidan ubanta. Tsakanin aji da aji ta bi sauran, ko abincin rana ba ta ci ba, kafin a tashi ƙafafunta sun kumbura kamar zamanin cikin nan.

Alhamis masu duba suka zo su biyu, suka danna nan suka danna can, suka sa hannu. Ƙwararre na biye da su da sabuwar kwat, yana ta "mun yi", "mun gyara". Bayan sun tafi Darakta ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa.

"Nazarin naka ya yi amfani."

Taifis ta ce a ranta ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ajiye takardarsa a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, tunda ya gyara, ya nuna mana layin da ya lalace, in sa a fayil don tarihi."

Ƙwararre ya ɗauki takardar, ya kai ta kusa da ido, ya nesanta ta. Ya ce abin na da zurfi. Ya ce ya danganta. Sai wayarsa, wadda ba wanda ya ji ta yi ƙara, ta kira shi waje.

Darakta ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ba wawa ba ne, ya gane sarai.

"Makulli ya zauna a wurinki."

"Na gode. Sunan aikina fa?"

"Wannan sai kwamiti ya zauna." Ya tura mata wata takarda mai rubutun hannu. "Ki buga wannan kafin a tashi. Wasiƙar yabo ce za mu ba shi. Kin san abokin surukina ne, ba a kunyata baƙo."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta tsaya tana kallon takardar har Darakta ya fara neman abin da bai ɓata ba a durowa. Sannan ta ɗauka. Ta buga ta tsaf, ba kuskure ko na waƙafi, don ita ba ta iya aikin banza ba ko don haushi. A can ƙasan wasiƙar, inda ake sa wanda ya buga da ƙananan haruffa, ta sa haruffan sunanta kamar yadda ta saba shekara ashirin da wani abu.

Ta kashe kwamfutoci arba'in, ta goma sha bakwai a ƙarshe don sai an lallashe ta. Ta ja ƙofa ta murɗa makulli sau biyu, ta ɗaure jan zaren a hannun jaka, ta ƙara masa ƙulli ɗaya.

A gida mijin ya ɗago kai daga matashi.

"Injiniya, yaya? Muna bakin ƙofa ko muna ciki?"

"Muna ciki."

"To me ya ɓata fuskar?"

Ta cire takalmi da ƙyar, ta ɗora ƙafafun a kan kujera.

"Malam, ɗora mini ruwan zafi. Kuma gobe in wani ya ce mini Mama, ka shirya zuwa beli."