Gadon da Aka Saya wa Kaka

Shekaranjiya na bi ta layin masu katifa a kasuwar Daura, warin sabuwar leda ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

Ina aji huɗu a firamare ɓarin jikin kakata na hagu ya shanye, ana tsakar yankan gero a ƙauyenmu na wajen Sandamu. Ta dawo daga asibiti ba ta iya tafiya, amma ta ƙi yarda ta zama kaya. Kullum da hantsi takan ja jiki daga tabarma zuwa bakin ƙofa, ta dafa turmi ta miƙe, ta yi numfashi uku, ta zauna. Kafin a gama sussuka ta kai numfashi goma a tsaye. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, ita ta tsara wa kanta darasi.

Sai Baffa, babban ɗanta, ya zo daga birni ya tarar da uwarsa tana jan jiki a ƙasa. Ya ce me duniya za ta ce? Washegari mota ta sauke gadon ƙarfe mai tsayi, katifar ko ledarta ba a cire ba. Aka ɗora Kaka a sama kamar kwanon jere. Ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, turmi kuwa ya yi mata nisan Makka.

Da ma'aikacin lafiya ya zo duba abin da take bukata don ta farfaɗo, a zaure ya zauna da Baffa. Tana cin abinci? Tana ci. Akwai mai kula da ita? Ai gida cike yake. Can ya leƙa ɗakin, ya ga gado.

"Ma sha Allah, Hajiya, kin haifi ɗa!"

Kaka ta ce, "Ɗan nan, ka ce su sauke ni."

Aka yi dariya, aka ce rigimar tsufa ce. Ya rubuta cewa ba ta rasa komai ba. Ba wanda ya ce ta miƙe a gani. Don Allah, ko akuya za ka saya, ai kana sa a ja ta ka ga takunta.

Kafin damina ta zagayo gwiwoyinta sun ƙage. Shekara huɗu ta yi a can sama, ana juya ta, ana shafa mata man zafi. Ba ta sake taka ƙasa ba.

Yau an samu ci gaba, in ji su. Akwai masu gashin ƙashi, tambayoyin ma a waya ake cikewa. Sai dai har gobe a zaure ake auna lafiyar tsoho, daga bakin ɗansa. Baffa yana nan, ya tsufa, kuma duk wanda ya je gaishe shi sai ya ji labarin hidimar da ya yi wa mahaifiyarsa. Nakan durƙusa in ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa," don an hore mu ba a musu da babba. Da wannan ladabin muka gurgunta ta.