Hoton Hamdiya da 'Yan Biyu

Duk macen da ta haihu a ɗan kilinik ɗin nan na garin Dakoro, kan hanyar Kornaka, ta san hannun Rahamatu kafin ta san fuskarta. Shekara goma sha bakwai ta yi a ɗakin haihuwa. A takarda, shara da wankin zannuwa ne aikinta. Amma ita ke riƙe ƙugun mai naƙuda, ita ke zaginta in ta yi raki, ita ke dama mata kunun kanwa in ta sauka. Matan ƙauye ba su neman sazfam, wato ungozomar da ta yi karatu. Daga bakin ƙofa sai dai ka ji, "Inna Rahamatu na nan?" Da wannan tambayar take ƙoshi.

Ana nan aka kawo sabuwar sazfam daga Maraɗi, Hamdiya, 'yar siririya, riga fara sol a goge kamar ba ta taɓa ganin jini ba. Kilinik kuma ya buɗe shafi a Fezbuk. Majo Sallau, shugaban ma'aikata, ya tara su ya ce, "Mai son yin rubutu a ƙarƙashi ya yi, amma ya faɗi cewa nan yake aiki. Ban da faɗa. Sunan mara lafiya da ciwonsa kuwa, ko da wasa."

Rahamatu ta ce, "Majo, mu masu tsintsiya ina ruwanmu?"

Da damina aka kawo Bilki daga Korahane, cikin fari, 'yan biyu. Yini biyu abu ya ƙi, sai da lokotoro, wato likita, ya yi mata aiki. Da ta farka ta damƙe hannun Rahamatu. "Inna, mijina kaɗai ya sani. Kada danginsa su ji an yanka ni, cewa za su yi na kasa."

"Rufe baki ki sha kunu. Wa zai faɗa musu?"

Washegari hoto ya fito a shafin: Hamdiya rungume da jarirai biyu, tana washe haƙora. Ba fuskar uwa, ba sunanta. Dakoro ta yi ca a ƙarƙashi. Sannu Hamdiya. Allah ya ƙara basira. Wani ma ya rubuta wai hannunta na da albarka.

Hannunta! Rahamatu ta duba hoton ya fi sau ashirin. Can gefe ga bokitinta ya fito, shuɗi, har da igiyar da ta ɗaura masa. An ɗauki bokitin, an bar mai shi. Aji uku ta yi a lakol, makarantar boko, to ranar suka yi mata amfani. Ta zauna gindin bedi da salula, wayarta ta hannu, tana danna baƙi ɗaya-ɗaya:

"Ni ma'aikaciya ce a nan. Ni na yini biyu da Bilki matar Attaher ta Korahane. Ni na ce sai an yi mata aiki, tun wata mai farar riga na neman safar hannu. Ni ke wanke ɗinkin."

Ta bi doka ta fari tsaf, har tana yaba kanta.

Kafin Majo ya goge, an karanta wa uwar mijin Bilki a kasuwa. Ya kira Rahamatu biro, wato ofishinsa.

"Inna, kin girme ni, amma me na ce?"

"Ƙarya na yi?"

"Da ƙarya ce da sauƙi."

"To ita da aka liƙa hotonta, me ta yi in ba riƙe jarirai ba?"

Bai kore ta ba. Ya ce ɗakin haihuwa ne ba za ta ƙara shiga ba, ta koma baya wajen wanki.

Ran cire zare Bilki ta zo, uwar miji na biye da ita tana harare-harare. Rahamatu na shanya ta hango su. Ta goge hannu a zane, ta matso bakin taga, tana jiran tambayar nan tata.

Bilki ta gan ta sarai. Ta juya ga mai gadi ta ce, "Baba, Hamdiya na nan?"

Rahamatu ta koma ga igiyarta. Har yau tana can tana wanki, kuma in ka zauna da ita za ta gaya maka cewa ai hoton ma an sauke shi. Nan kaɗai take murmushi.