Fallen da Iska Ta Ƙwace Mini a Hanyar Gwaram

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ana buɗe ƙofar gari muka fita, mu uku: ni, da yayan matata, da wani tsohon maharbi da ya san hanyar tudu. A wuyana na rataya gafaka, cikinta Alƙur'anin da na shekara biyu ina rubutawa da ka. Malamina na Gwaram ya aiko cewa in kawo ya duba tun idonsa bai ƙarasa tafiya ba. Ga damina ta yi tsakiya, kogi ya cinye hanyar ƙasa, dole sai ta kan duwatsu.

Tun daga gindin dutse nake tsoron ruwan sama. Tawada ba ta shiri da ruwa, takardar kuwa sai da na sayar da tunkiya kafin fatake su sayo mini ita daga Kano. Na naɗe gafakar da buzu, na ɗaure da igiya, amma duk taku goma sai na ɗaga kai na dubi gabas. Yayan matata ya ce in na ci gaba da haka, ba ruwa ne zai kashe ni ba, tuntuɓe ne.

Da hantsi muka kai sama. Ban taɓa ganin garinmu daga can ba: ganuwa kamar zobe, gonakin dawa kore shar, hayaƙin girki yana tashi siriri. Saman kuwa fili ne fetal, gajeriyar ciyawa da fako da duwatsu jefi-jefi, babu inuwar da mutum zai fake. Maharbin ya tsaya ya daɗe yana duban wani sawun doki a laka. Ya ce na jiya ne, kuma bai san mai doki a wajen ba. Kowa ya san mahara daga Ningi ta irin nan suke biyowa. Daga nan ko yayan matata, da bakinsa ba ya hutawa, sai da ya yi shiru.

Wajen azahar muka iske rugar Fulani. Wata dattijuwa ta dama mana fura da nono mai kauri, da ta ji abin da nake ɗauke da shi ta ƙi karɓar ko wuri ɗaya na kuɗi, ta ce in yi wa shanunta addu'a. Ita ta gaya mana dokin na wani mai neman ɓatattun shanu ne. Hankalinmu bai gama kwanciya ba ta nuna gabas da ludayi. Hadari ya haɗu, baƙi ƙirin.

Gudu muka yi ta yi a kan filin nan, ina rungume da gafaka kamar jariri. Yayyafi ya same mu kafin maharbin ya shigar da mu wani kogo mai zanen shanu ja a bango, wanda ya ce ko kakansa a haka ya tarar da shi. A nan na yi wautar da ba zan manta ba. Na taɓa buzu na ji danshi, zuciyata ta ce ruwa ya shiga. Maharbin ya ce, "Malam, bari sai iska ta kwanta." Ban ji ba. Na kwance igiya, na zare gafaka, na ɗaga marfin fata. Ko ɗigo bai taɓa rubutun ba. Kafin in rufe, iska ta kaɗo cikin kogon ta kwashi fallayen sama ta yi waje da su.

Ban san lokacin da na fita ba. Mu uku muka bazu cikin ruwa muna tsinta, wannan a ƙaya, wancan a jikin dutse. Yayan matata ya tuɓe rigarsa yana tarawa a ciki. Da muka koma kogon na jera su na ƙirga: shida sun tashi, biyar muka samo, biyu a ciki tawadarsu ta zuba. Ɗayan, na farkon Baƙara, har la'asar sakaliya muna nema ba mu gan shi ba. Ba asarar ce ta fi cina ba. Tunanin maganar Allah yashe a daji, dabba tana iya takawa, shi ya hana ni cin abinci a ƙauyen da muka kwana.

Washegari da azahar muka shiga Gwaram. Na tarar da Malam a zaure, ya rame, sai ya kai abu dab da ido yake gani. Na durƙusa na faɗi duk yadda aka yi, ban ɓoye laifina ba. Da na gama ya ce, "Wanda ya saukar da shi ya san inda fallen yake. Kai kuma, daga takarda ka kwafo shi ko daga ƙirjinka?"

Na ce daga ƙirji, Allah ya gafarta Malam.

Ya sa aka ɗauko farar takarda falle uku da ya daɗe yana ajiya, ya tura mini tawada. A gabansa na rubuta, ina karantawa yana saurare. Wuri ɗaya ya tsayar da ni, a kan wasali. Kwana tara muka yi yana bin sauran da kunne, ni ina karanta masa.

Da za mu dawo kogi ya janye, muka biyo hanyar ƙasa lafiya lau. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne: ruwan da na kwana biyu ina tsoro bai yi mini komai ba, sai da na buɗe masa da hannuna. Yayan matata kuwa ya riga ni shiga gida, don haka kafin in yi sallama matata ta riga ta ji labari, kuma a bakinsa shi kaɗai ya tsinto fallaye biyar ɗin.